Matakala Ɗari da Sittin da Uku

Daga bakin titi zuwa ƙofar gidana
matakala ɗari da sittin da uku ne.
Shekara hamsin ina hawa, ban taɓa ƙirgawa ba.
A Valparaíso ba a ƙirga matakala
sai ranar da ƙafa ta yi yaji.

Ina ɗinkin taru a bakin teku
basilla ta suɓuce mini.
Na sunkuya in ɗauka,
hannun dama ya ce bai san ni ba.
Na buɗe baki in kira Rosalba,
sunan ya fito a tattaune.

Sati ɗaya aka kwantar da mu, ni da Yasna,
direbar bas, shekara talatin da tara.
Ita hagu ya shanye, ni dama.
Muna haɗuwa da hantsi a ɗakin atisaye
mai warin roba da man zafi.
Sati uku, ta ɗaga kofi.
Sati shida, ta taka babu sanda,
ma'aikata suna ta tafi.
Ni ma na so in tafa.
Da me?

Ni, mai saba'in da shida,
wata biyu ina kokawa da wake.
Kwano biyu a gabana, ɗaya cike, ɗaya wayam,
wai in kwashe ƙwaya-ƙwaya.
Mutumin da ya ja taru da igiyar ruwa
ga shi yana gumi a kan wake guda.

Na ce da Ximena, mai gasa mana jiki:
yarinya, gaya mini gaskiya,
tsohon icce yana tanƙwaruwa?
Ba ta ɗago daga yatsuna ba.
Ta ce watannin farko ƙasa ce mai danshi,
abin da aka shuka yanzu shi ya fi kamawa.
Ta ce shekaru suna rage gudu,
amma ba ta taɓa ganin sun ɗaure hanya da kwaɗo ba.
Ta ce alkawari kam ba za ta yi ba.
Buɗe hannun, Don Eleuterio. Sake.

Gara da ba ta yi ba.
Baldomero na gadon kusa da taga
ya fi ni ƙuruciya da shekara tara,
bai taɓa fashin atisaye ba,
har yau a keke ake tura shi.

A sati na takwas Yasna ta daina zuwa.
Kuɗin haya, yara biyu,
kamfani ya ba ta kujerar sayar da tikiti.
Ni kuwa wa ke jirana?
Lokaci ne kaɗai dukiyar da na tara,
na dinga kashe shi a kan wake,
a kan maɓallin riga,
a kan harafin farko na sunan matata.

Wata na sha ɗaya muka haɗu a kasuwar kifi.
Tana tafe fes, kamar ba ita ba,
sai dai hagunta na cikin aljihu.
Ta fito da shi, yatsu biyu a naɗe.
Ta ce: na yi saurin sauka daga motar.
Na ce: Ximena tana nan ranar Talata.
Ta yi dariya, ta ce za ta duba.
Ban sani ba ko ta je.

Yau wata goma sha huɗu.
Da safe na ƙulla ƙulli ɗaya a tarun,
karkatacce, kifi zai raina shi.
Yanzu ina zaune a matakala ta ɗari da ashirin,
karen maƙwabta ya zo yana shinshinar sandata,
jiragen ruwa a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa.
Rosalba ta leƙo ta taga, miya na hucewa.
Saura arba'in da uku.
Na kira sunanta, ya fito cikakke,
ta ce to, ta ji, in taho.